Tambayi Likita: Haƙoran Iyali a Lokacin Bazara

Tun da zafin bana ya kankama, aka kuma rufe makarantu domin hutun zango na biyu, yawancin saƙonnin da ke shigowa wannan fili sun koma kan haƙora, musamman na yara. Na zaɓi shida daga cikinsu, na taƙaita su saboda ƙarancin wuri, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Yarana huɗu ne, babbansu yana da shekara goma sha ɗaya, autar kuma shekara uku. Lokacin makaranta ba na shan wahala da su, domin kowa yana goge baki kafin ya sa kayan makaranta. Amma tun da aka yi hutu komai ya rikice. Wuni suke yi suna tsotson zoɓo mai ƙanƙara da askirim na leda, da dare kuma barci ya kwashe su a tsakar gida kafin in farga. Yanzu mai shekara shida tana kukan haƙorinta na can ciki yana ciwo. Maigida ya ce in rabu da ita, ai haƙoran nono ne, za su zube wasu su fito. Shin haka ne?

Uwar yara huɗu, daga Sakkwato

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Zan fara da maganar maigida, domin ita ce ta fi gaggawa, kuma ina roƙon ki karanta masa wannan amsa cikin ladabi. Gaskiya ne haƙoran nono guda ashirin ne kuma duk za su zube, suna fara famfara wajen shekara shida, na ƙarshensu kuma sai wajen shekara goma sha biyu. Sai dai akwai wani haƙori da yake yaudarar iyaye da yawa. Wajen shekara shida ɗin nan ne turmin farko na dindindin yake fitowa a can bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba, saboda haka sai a ɗauka shi ma na nono ne. Wannan turmi idan ya tafi ya tafi ke nan, babu wanda zai maye gurbinsa. Tunda 'yarki shekararta shida kuma ciwon a can ciki yake, akwai yiwuwar shi ne, don haka a kai ta wurin likitan haƙori a cikin wannan mako. Ko da ma na nonon ne, ruɓarsa tana hana yaro ci da barci, tana iya tara mugunya, kuma cire shi kafin lokacinsa yana sa na dindindin ya fito a karkace.

Batun zoɓo kuwa, ba zan ce ki hana su ba, domin wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, inda ma'aunin zafi yake haura digiri 40, ya san wannan umarni ne da ba za a bi ba. Abin da nake so ki gane shi ne yadda kogo yake samuwa a haƙori. Babu wata tsutsa da ke cin haƙori kamar yadda aka saba faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a cikin dauɗar da ke manne wa haƙora, suna samun sukari sai su mayar da shi wani ruwa mai tsami, tsamin kuma ya shiga narkar da farin ɓawon haƙorin sannu a hankali. Allah Ya hore wa baki maganin wannan, wato yawu, wanda yake wanke tsamin ya kuma mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa, amma aikin yana ɗaukarsa kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda bayan kowane shan zaƙi. Yaron da ya shanye kofin zoɓo a zama ɗaya tare da abincin rana ya ba yawunsa damar gyara ɓarnar. Wanda kuwa ya huda ƙasan leda da haƙori ya yi ta tsotso, ya ajiye ya koma wasa, ya dawo ya ɗauka, ta ƙare aka saya masa wata, bakinsa wuni yake yi cikin tsami babu hutu. Yawan lokutan da ake kai zaƙi baki ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Ga shi zoɓo da kansa mai tsami ne tun kafin a zuba masa sukari, haka ma tsamiya da lemon kwalba, ga shi kuma zafi yana busar da bakin yaron da bai sha isasshen ruwa ba, yawun da zai kare shi ya ragu.

Saboda haka ki ƙayyade wa zaƙi lokaci. A sha zoɓo ko kunun zaƙi tare da abinci, a bi shi da kurkure baki da ruwa, tsakanin abinci da abinci kuma ruwan randa ya wadatar. Idan ke ce mai haɗa zoɓon, ki riƙa rage sukarin kaɗan-kaɗan, cikin 'yan kwanaki harshensu zai saba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum yake ci a rana, ya fi kyau ma a tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin cokalin shayi shida ga baligi. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 tana ɗauke da cokali takwas zuwa tara. Kankana da mangwaro da suka cika kasuwa a wannan lokaci sun fi waɗannan alheri nesa ba kusa ba.

Inda na fi so ki dage shi ne gogewar dare. A ganina da za a ce iyali su zaɓi ɗaya tak tsakanin ta safe da ta dare, da ta dare zan zaɓar musu, domin yawu yana raguwa ƙwarai lokacin barci, duk abin da aka kwana da shi a baki sai ya samu sa'o'i takwas ko tara yana ɓarna babu mai hana shi. Na san yadda daren bazara yake a gidajenmu. Babu wuta, ɗaki ya zama tanda, an fito da tabarmi tsakar gida, ana hira ana fifita, sai ki juya ki tarar da autarki ta ɓingire a kan cinyar yayarta, ledar askirim tana hannunta. A wannan lokaci babu uwar da za ta iya tashinta domin buroshi. Ni ma haka na yi ta fama a gidana, har sai da muka daina ɗaura goge baki da lokacin kwanciya, muka ɗaura shi da sallar isha'i. Ana ɗauke kwanukan tuwo, kowa ya ɗauki buta da buroshinsa ya tsuguna bakin rariya, a yi alwala sannan a goge baki, bayan nan kuma babu abin da zai shiga baki sai ruwa. Lokacin makaranta yana zuwa ya wuce, amma lokacin sallah ba ya hutu, shi ya sa tsarin ya ɗore.

A goge na minti biyu da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Yaron da bai kai shekara uku ba, man da za a shafa masa kada ya wuce girman ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kuma kamar ƙwayar wake ƙarama. A tofar da kumfar, amma kada a bi ta da kurkura, domin ɗan abin da ya rage a kan haƙora shi ne yake ƙarfafa su. Autarki da mai shekara shida ke za ki goge musu da hannunki, domin yaro ba ya iya yin wannan aiki da kyau shi kaɗai sai ya kai wajen shekara bakwai ko takwas.

Tambaya: Likita, ina da ja a kan wannan buroshi da kuke ta nanatawa. Mahaifina ya rasu yana da shekara sama da tamanin, bai taɓa riƙe buroshi ba, asuwaki kawai yake yi, kuma da haƙoransa aka binne shi. Zan tura yarana ƙauye wurin kakarsu su yi hutu, uwarsu ta dage sai an haɗa musu da buroshi da makilin. Ina ganin ɓarnar kuɗi ce.

Wani magidanci, daga Gusau

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Malam, Ya kyautata makwancinsa. Ba ni da ja a kan asuwaki ko kaɗan. Sunna ce mai ƙarfi, kuma hadisi ya inganta cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba da an umarce ta da yin asuwaki a kowace sallah. Ta fuskar likitanci ma, asuwakin arak da ake sayarwa a bakin masallatai, da na darbejiya da na marke da ake yankowa a gida, suna cire dauɗar haƙori sosai idan an iya amfani da su. Mutumin da yake asuwaki sau biyar a rana ya fi wanda yake shafa buroshi na daƙiƙa goma da safe tsabtar baki.

Amma ka tambayi kanka abin da Baba ya ci yana yaro. Tuwon dawa ne da miyar kuka, da fura da nono, da gyaɗa, zaƙi kuma sai ranar kasuwa idan an samu mazarƙwaila ko rake, ko ranar biki a ci alkaki da nakiya. Jikokinsa kuwa, ko a ƙauyen da za ka tura su, mai tireda yana nan da biskit da alawa da cingam da lemon kwalba, ga kuma kaka, wadda kowa ya san ba ta iya ganin jika yana kuka ba ta kwance bakin zane ba. Haƙorin da ake yi wa wannan luguden sukari yana buƙatar kariyar da haƙorin Baba bai buƙata ba, kuma wannan kariya ita ce fuloraid da ke cikin man goge baki. Idan za ka saya, ka duba jikin kwalin, za ka ga an rubuta adadinsa da haruffan ppm, wanda ake so shi ne tsakanin 1,000 zuwa 1,500. Bututu ɗaya zai ishe su hutun gaba ɗaya idan ana sa ɗan kaɗan kamar yadda na bayyana a sama.

Akwai kuma inda asuwaki yake gazawa a hannun yaro. Saboda gashinsa a tsaye yake a kan sandar, da wuya yaro ya kai shi bayan haƙora ta ɓangaren harshe ko can kan turame, sai ka ga ya yi ta dirzar na gaba kawai. Manya ma masu dirza da ƙarfi suna janye dasashinsu har saiwar haƙori ta bayyana. Shawarata a haɗa biyun, buroshi da mai safe da dare, asuwaki kuma da rana a lokutan sallah, a riƙa yanke kan da aka tauna ana sabunta shi, kada kuma a ƙunshe shi da danshi a leda cikin wannan zafi. Kowane yaro da nasa buroshin, a ɗaura wa kowanne zare mai launi dabam don kada su musanya. Uwargida ta fi ka gaskiya a wannan karon, kuma zai yi kyau ka kira Inna da kanka ka roƙe ta ta riƙa tsayawa a kansu da dare, domin maganarka za ta fi ta surukarta shiga.

Tambaya: Likita, ni ba na iya wuni ban tauna ƙanƙara ba, musamman tun da na haihu. Yanzu ko ruwan sanyi na sha sai in ji wani abu ya tsarga mini har cikin kai.

Mai jego, daga Maiduguri

Amsa: Allah Ya raya abin da aka samu, Malama. Ɓawon haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma kamar tangaran yake, yana tsagewa, kuma tauna ƙanƙara yana yi masa ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Tsargawar da kike ji alama ce ta cewa sanyi yana isa ga ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawon, ko ta tsaga, ko ta kogo, ko ta wurin da dasashi ya janye. Ki daina taunawar, ki koma buroshi mai laushi da man da aka yi domin masu irin wannan matsala, idan kuma haƙori ɗaya ne takamaimai yake ciwon, ko ciwon yana daɗewa bayan sanyin ya wuce, to sai an duba shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne kwaɗayin ƙanƙarar kansa, domin sau da yawa yana tafiya tare da ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, wanda ya zama ruwan dare ga masu ciki da masu jego. Ki je a auna jininki.

Tambaya: Likita, haƙoran yarana uku duk sun yi dabbare-dabbare, wani wuri fari fat kamar alli, wani wuri ruwan ƙasa. Ba sa cin goro, kuma muna goge musu baki. Yawancin yaran unguwarmu haka suke. Ruwan burtsatse muke sha.

Wani uba, daga jihar Maraɗi, Nijar

Amsa: Malam, ba zan yanke hukunci ban ga bakinsu ba, amma yadda ka kwatanta abin, da kuma cewa ya game yaran unguwa, ya yi kama da illar yawan fuloraid a ruwan sha. Abin mamakin wannan sinadari ke nan: kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori, idan kuma ya yi yawa a ruwan da yaro yake sha lokacin da haƙoransa suke ginuwa a cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas, sai su fito da irin wannan tabo. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a kowace lita. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake shiga ruwan rijiyoyi masu zurfi, kuma yankinku ya san wannan matsala, domin a garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi an taɓa samun yara masu yawa da ruwan ya shafa har ƙasusuwansu suka lanƙwashe. A Najeriya ma an san ta a wurare irin su Langtang a jihar Filato da Kaltungo a jihar Gombe. Lokacin zafi yana ƙara tsananta abin, tunda yaro yana shan ruwa fiye da kullum.

Tabon ba ya fita da dirza, saboda haka kada a sa musu gawayi ko toka ko kanwa, ɓawon kawai za a ƙara cinyewa. Tafasa ruwan ma ba ya cire sinadarin. Abin yi shi ne ku haɗa kai da mai unguwa a kai ruwan burtsatsen a auna shi, idan an tabbatar ya wuce iyaka a nemar wa ƙananan yara wani ruwan na sha da na girki. A ci gaba da goge musu baki da ɗan mai kaɗan, kana tsaye kana tabbatar da sun tofar ba su haɗiye ba. Idan sun girma, likitan haƙori yana da hanyoyin rufe tabon na gaba.

Tambaya: Likita, ɗan ƙanena mai shekara goma ya faɗo daga bishiyar mangwaro shekaranjiya, haƙorinsa na gaba ya fita gaba ɗaya da saiwarsa. Mun naɗe shi a takarda mun ajiye. Wani ya ce ana iya mayar da shi. Gaskiya ne?

Wata gwaggo, daga Zariya

Amsa: Sannu, Gwaggo, Allah Ya ƙara kiyayewa. Gaskiya ne ana mayarwa, amma a cikin sa'ar farko, kuma da sharaɗin bai bushe ba, domin a jikin saiwar akwai ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda su ne suke sake manne shi da ƙashi, kuma bushewa tana kashe su. Bayan kwana biyu a takarda, damar ta ragu ƙwarai. Duk da haka ku kai yaron yau ɗin nan tare da haƙorin, a duba ko makwabtansa sun girgiɗe ko ƙashin muƙamuƙi ya tsage, a kuma duba batun allurar tetanus tunda a ƙasa ya faɗi, sannan a tsara yadda za a riƙe gurbin kada sauran haƙora su matso su cike shi.

Tunda lokacin hawan mangwaro ne da ƙwallo, ga abin da ya kamata kowane gida ya sani. Idan haƙorin dindindin ya fita, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. Idan ya yi ƙasa a ɗauraye shi a gurguje da madara ko ruwa mai tsabta, a mayar da shi raminsa, yaron ya ciji tsumma mai tsabta a hankali, a nufi asibiti. Idan ba za a iya mayarwa ba, a tsoma shi a kofin madara a tafi da shi. Haƙorin nono kuwa ba a mayar da shi, domin ana iya lahanta na dindindin da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Tambaya: Likita, jikana mai shekara uku ya tashi daga ƙyanda makonni biyu da suka wuce, ya rame sosai. Yanzu dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari ƙwarai, yawu yana dalala, kuma jiya na ga kumatunsa ɗaya ya fara kumbura. Maƙwabta sun ce zafi ne, a ba shi jiƙo. Me kika gani?

Wata kaka, daga jihar Kebbi

Amsa: Inna, na riga na amsa miki kai tsaye ranar da saƙonki ya iso, ina maimaitawa a nan ne domin wasu su amfana. Wannan ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya. Alamomin da kika lissafa su ne farkon cutar noma, wadda take fara da gyambo a dasashi, cikin 'yan kwanaki kuma ta cinye kumatu da leɓe har ta kai ga ƙashi. Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida waɗanda ba su samun isasshen abinci mai gina jiki, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro sun raunana su, kuma ƙyanda a ƙasarmu ta fi yaɗuwa a lokacin rani da bazara. Idan ba a yi magani ba, har tara cikin goma na yaran da ta kama suna iya rasuwa, waɗanda suka tsira kuma su rayu da tawaya a fuska. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma ba aikin iska ba ce ko sammu, duk da haka ake ɗauka a wurare da dama, wanda shi ne yake jawo ɓata lokaci a wurin mai magani.

A matakin da jikanki yake, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna iya tsayar da ita cak. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman domin wannan cuta, wanda aka kafa a 1999, kuma kyauta ake jinya a cikinsa. A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa. Amma kada ki jira sai an tara kuɗin motar Sakkwato, ki kai shi asibiti mafi kusa a fara ba shi magani, su za su tura ku gaba idan da buƙata. Kafin ku isa, ki riƙa goge masa dasashi a hankali da tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ki yi ta ba shi ruwa da kunun gyaɗa da madara kaɗan-kaɗan, kada kuma a shafa masa komai a kan kumburin ko a tsaga shi. Sauran ƙananan yaran gidan ma a buɗe bakin kowannensu a haska da tocila a duba dasashinsu, wanda bai yi rigakafin ƙyanda ba kuma a tafi da katinsa.